Ƙanƙara a Motar Nata'ala

Yammacin Litinin ne, rana ta yi ja tana gangarawa bayan rumfunan Kasuwar Kilomita Biyar ta birnin Bangui, kuma a gidan Alhaji Nata'ala mai kayan gini babu abin da ya bambanta wannan yammaci da na jiya. Matarsa Zulai tana gindin murhu tana tuƙa tuwo. Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira 'Yargoggo, tana kan tabarma tana jan carbi, idonta kuma yana kan kowa, domin ita ba ta taɓa yarda cewa zikiri yana hana sa ido ba. Can kudu wajen kogi bindigogi suna ta tari jefi-jefi, kamar yadda suka saba tun da sojoji suka sake yin bore, karo na uku ke nan cikin shekara guda. Mutanen unguwa har sun iya bambance ƙarar da za a ci gaba da cin abinci da wadda za a kwanta ƙasa.

A tsakar gidan, inda a da ake shanya, mota ce tsaye, jif ruwan toka, irin wadda mutanen Bangui ke ce wa kat-kat. Sai da Nata'ala ya fasa rabin katangar zaure kafin ta shiga, ya rufe wurin da kwanon rufi, saboda a kwanakin nan duk sojan da ya ga irin wannan mota a titi, na gwamnati ne ko na bore, ta zama tasa. Wannan mota ita ce dukan dabarar da ta rage masa. Ranar Alhamis da sassafe ayarin 'yan kasuwa, mota goma sha ɗaya, zai kama hanyar Garwa-Bulai zuwa Kamaru, kuma manya sun ce bayan shi babu wanda ya san ranar da wani zai sake fita. Man da zai kai su iyaka kuwa wata guda ya yi yana tara shi, kwalba nan, rabin jarka can, har tanki ya cika da jarka uku a gefe. Makanikensa Ya'u ya auna ya ce zai isa, amma ba zai yi saura ba.

Matsalar ita ce na'urar sanyin motar, wadda a nan ake ce wa kilim. Wani zai ce mai gudun tsira da rai ina ruwansa da sanyi, amma wannan bai san ƙirjin 'Yargoggo ba. Tsohuwar tana da asma, zafi kaɗan ko ƙura kaɗan sai numfashinta ya koma kamar ana busa sarewa. Hanyar kuwa ta kwana biyu ce, rabinta jar ƙasa, kuma dole a rufe gilasai a saki labule saboda matan da ke ciki. Ban da haka ma, Nata'ala mutum ne da hankalinsa ba ya kwanciya in ƙusa ɗaya ta karkace a shagonsa.

Kwana biyar ke nan da abin ya fara, washegarin ranar da wani bam ya faɗa kan rumfar masu sayar da fetur a kwalba da ke bayan gidan, ya ƙone ta ƙurmus tare da tsohon mangwaron da ke mata inuwa. In aka tayar da mota aka kunna kilim, sanyi zai zo da kyau na ɗan lokaci, sannan iskar ta fara raguwa, ta yi ta raguwa har ta ɗauke, alhali fanka tana ta gurnani a ciki. In aka leƙa ƙarƙashin akwatin takardu, a gaban kujerar fasinja, sai a ga bututu ya yi fari fat da ƙanƙara. A cikin injin kuma kwamfuresa, wato abin da ke tura gas ɗin sanyi, tana kamawa tana saki, ƙas, ƙas, ba ta numfashi biyu a wuri ɗaya, mota tana girgiza tare da ita.

Ya'u ba ƙaramin makanike ba ne. Shekara ashirin yana kwance ƙarƙashin motocin Titin Koudoukou, kuma ya yarda da kansa fiye da kima. Ranar farko ya ce gas ne ya yi ƙasa, don in ya ragu haka yake kawo ƙanƙara. Ya nemo ɗan tulun gas ya ƙara, ya shafa ruwan sabulu a kowane haɗin bututu yana neman kumfa, bai ga yoyo ba. Rana ta biyu ya kwance akwatin sanyin gaba ɗaya, ya fitar da ganye da sheƙar ɓera da wata tsohuwar takardar kwastan, ya wanke, ya zura waya ya buɗe ramin da ruwa ke ɗiga. Da ƙanƙara ta dawo sai ya ce to ɗan ƙarfen da ke auna sanyi ne ya mutu, shi ya kamata ya tsayar da kwamfuresa kafin abu ya daskare. Ya ciro wani daga wata mota da aka yi wa wasoso ya sa. Ta sake dawowa, har ta fi ta da kauri. Daga nan ya rage surutu. Ya ce wa Alhaji a yi haƙuri a tafi haka, ga dabara: duk sa'ad da iska ta ɗauke, a kashe kilim, a murɗa maɓalli zuwa ja, wato zafi, a ƙure fanka. Minti biyu ƙanƙarar ta narke, sai a ci gaba. Kowane direba ya san wannan, in ji shi, kuma gaskiya ya faɗa.

Wannan dabarar ce Nata'ala ya ce bari ya gwada da kansa a yammacin nan. Ya kira 'yarsa Khairiyya, wadda ita kaɗai Allah ya bar musu. Shekararta goma sha shida, tana da dariyar da ake ji tun daga zaure, kuma in ka yi mata Hausa sai ta amsa maka da Sango, yaren garin. In kakarta ta yi faɗa, sai ta ce ai tana ji, mayarwar ce ke mata nauyi a baki. Ya zaunar da ita a kujerar direba ya nuna mata maɓallan, shi kuma ya ɗaga murfin injin ya tsaya yana saurare. Suka jira har iska ta ɗauke. Ladan ya fara gyaran murya a masallacin layi. Nata'ala ya ɗaga hannu ya ce ta murɗa, ta kuwa murɗa.

Abin da ya fito daga ramukan iskar kuka ne. Siriri ne, na jariri, irin na wanda ya yi ta kuka har muryarsa ta ƙare. Zulai ta ji daga murhu ta saki muciya. 'Yargoggo ta tsaya da carbi. Nata'ala ya ce bel ɗin inji ne, ya ma sake faɗa da ƙarfi cewa bel ne ke ƙara, amma nan take ya miƙa hannu ta taga ya kashe motar. Ruwa mai yawa ya zubo daga ƙarƙashinta ya bi ƙasa ya nufi magudana. Khairiyya ta fito a hankali, ta tsaya riƙe da ƙofa, ta ce wa uwarta bayanta yana mata zafi.

Suna cikin sallar magariba, a gida saboda dokar hana fita, jifa ta fara. Abu ya daki kwanon rufi, wani ya biyo, sannan suka zubo kamar ana juye tsakuwa daga tifa. Kowa ya kwanta ƙasa, don sun ɗauka harsasai ne. Da ya lafa Nata'ala ya rarrafa ya leƙa. Tsakar gidan a cike take da ƙanƙara, kowace kamar ƙwan kaza, tana sheƙi cikin sauran hasken yamma, a unguwar da ta yi mako uku ba ta ga wutar lantarki ba. Sama kuwa garau, babu hadari ko kaɗan. Ya leƙa ta katanga, gidan maƙwabta a bushe yake. 'Yargoggo ta ɗauki guda ɗaya ta juya ta a tafin hannu, ta ajiye a hankali kamar kayan aro, ta ce a rufe ƙofofi, kuma kada kowa ya ambaci abin da yake zato.

Gari ya waye Talata bayan Khairiyya ya tashi da bororo, daga wuya har ƙugu, kamar wadda aka kwantar a kan garwashi, alhali rigar da ta kwana da ita ko zare ɗaya bai ƙone ba. Jikinta ya yi zafin da in an shimfiɗa mata jiƙaƙƙen zane, kafin a juya ya bushe. Ba ta kuka, ba ta magana. Haƙoranta ne kawai ke haɗuwa suna rabuwa, ƙas, ƙas. Da ɗakin ya yi shiru sai suka ji ana amsa mata daga tsakar gida. Motar a kashe take, makulli yana aljihun Nata'ala, amma kwamfuresa tana kamawa tana saki, daidai da haƙoran yarinyar.

Aka kira Ya'u. Ya cire fis, ƙarar ba ta tsaya ba. Ya cire kan batir, ya kwance bel ɗin ya rataya a wuyansa, ya tsaya yana kallon ƙarfe yana motsi shi kaɗai. Sannan ya mayar da kome yadda yake, ya tattara sifanoninsa ɗaya bayan ɗaya, ya goge kowanne, abin da bai taɓa yi ba.

"Alhaji," in ji shi, "ni abin da ke da waya na sani."

Nata'ala ya ɗora 'yarsa a amalanke ya nufi asibiti. A shingen farko wani soja mai jajayen idanu ya ce daga nan babu mai wucewa, ko gawa ce, ya nuna masa hanyar da ya fito da bakin bindiga. Wata ma'aikaciyar jinya da ke layinsu ta zo ta shafa magani, ta yi allurar zazzaɓi, ta ce ƙuna ce, amma ita ba ta san ƙunar da ke ƙaruwa bayan an bar wuta ba. Da magariba ƙanƙara ta sake zubowa. Wannan karon babu wanda ya kwanta ƙasa. Suka zauna suna ji tana dukan rufi, Zulai tana yi wa yarinyar fifita tana hawaye. Nata'ala ya ji tsoro irin wanda bai ji ba ko ranar da bam ya faɗo, domin duk rayuwarsa in abu ya lalace ya san wanda zai kira da abin da za a saya, yau kuwa yana zaune da hannuwa biyu lafiyayyu bai san inda zai sa su ba.

Ranar Laraba yarinyar ta daina gane uwarta. 'Yargoggo ta ce wa ɗanta ya ajiye taurin kai ya je ya zo da Malam Abdulgani.

Malam Abdulgani tsoho ne siriri mai sayar da littattafai da turare a gefen Masallacin Koudoukou. Ya yi karatu a Damagaram da Abeshe, kuma ba ya son a kira shi kan irin wannan, don a cewarsa cikin goma da ake kawo masa tara sauro ne ya cije su. Abin da ya fara tambaya shi ne ko an yi wa yarinyar allura. Da suka shigo gidan bayan la'asar, sai ya tsaya a gaban motar yana saurare, kansa a karkace. Bai ƙara tambayar allura ba.

Ya nemi ruwa a ƙwarya, ya zauna a wajen kan yarinyar. Zulai ta lulluɓe ta ta riƙe mata hannu, 'Yargoggo tana kusurwa, Nata'ala yana durƙushe a bakin ƙofa, Ya'u kuma a waje, ya kasa shiga ya kasa tafiya. Malam ya fara karatu da murya ƙasa-ƙasa, bai ɗaga ba, bai yi sauri ba. Ya yi ta karantawa har inuwar katanga ta haye motar ta kai bakin ɗaki. Can sai ƙarar ta tsaya, ta ɗaki da ta waje lokaci ɗaya, shirun da ya biyo baya kuwa ya fi ƙarar nauyi. Khairiyya ta buɗe ido. Muryar da ta fito daga bakinta ta babbar mace ce wadda ta gaji, da wata Hausa tsantsa da 'Yargoggo ba ta sake ji ba tun rasuwar mahaifiyarta.

"Ya isa, Malam. Ina jinka."

Malam ya yi mata sallama, ta amsa cikakkiya. Ya tambayi sunanta, ta ce sunanta ba zai amfane shi da kome ba. Ya tambaye ta abin da ya kawo ta jikin 'yar mutane. Ta ce ita ba baƙuwa ba ce, ta riga su zama a layin. A cikin mangwaron nan na bayan gida take, ita da mijinta da 'ya'ya uku, tun unguwar tana fili ana ɗaure shanu. Ba su taɓa taɓa kowa ba, ko yaran da ke jifan mangwaro ba su taɓa razana ba. Ranar da wuta ta faɗo daga sama, ita kaɗai ta fita, da jaririnta a hannu, kuma ba duka jaririn ya fita ba, fatarsa ta tsaya a can. Ta zaga unguwar duka tana neman wuri mai sanyi, ta shiga randuna, ta shiga rijiyoyi, babu abin da ya kwantar masa da raɗaɗi, sai da ta ji sanyi yana fitowa daga motar nan. Ta kwantar da shi a cikin akwatin sanyin. Ita ce ke danne abin da ke kashe kwamfuresa don ƙanƙara ta taru, ƙarfen yana ƙwacewa tana sake dannewa. Duk wankin da makanike ya yi ta haƙura ta jira a gefe. Yaron har ya fara barci, sai ranar Litinin aka hura masa wuta.

"Ki fita daga jikin yarinyar nan," in ji Malam, "ko in karanta abin da zai ƙone ki."

"Wuta kuma?" in ji muryar. "Duk garin nan babu abin da kuka iya sai wuta. Ƙone ni, Malam. Sai dai ka fara gaya mini wanda zai riƙe mini ɗana."

Malam ya ajiye carbinsa a kan buzu ya sunkuyar da kai. Nata'ala ya matso da gwiwa, ya ce wallahi ba su sani ba, shi ne ya ce a murɗa, in laifi ne nasa ne, a ɗora masa a bar yarinya.

"Na san ba ku sani ba," ta ce. "Wanda ya harbo wancan ma bai san ni ba."

Ta ce ba ramuwa take yi ba. Ƙunar ta fi ƙarfin jaririn, shi ya sa ta raba ta biyu ta ɗora rabi a kan hannun da ya murɗa, don jikin yarinya zai iya ɗauka na ɗan lokaci. In ɗanta ya yi sabuwar fata, za ta kwashe abinta. In bai yi ba, su biyun za su tafi tare, kuma ba da sonta ba. Abin da take nema shi ne a tayar da mota kullum daga fitowar rana zuwa kiran magariba, a bar kilim a kunne, kada kowa ya shiga, kada kowa ya taɓa jan maɓallin nan, har kwana arba'in.

Nan Malam ya ɗago. Ya ce mata kwana arba'in zalunci ne, kuma wadda ta amsa sallama ta san inda azzalumi yake ƙarewa. Suka yi ta ja, shi yana tuna mata Allah, ita tana tuna masa jariri, har ta sauko zuwa bakwai ta ce daga nan ko yini ɗaya ba za ta rage ba. Ya ce to ga wata hanya: mutanen nan gobe za su tafi Kamaru, ta zauna a inda take a tafi da ita, za a bar mata sanyi har iyaka. Ta ce Malam ya san ramukan hanyar Buwar da ayarin zai bi, kuma ta gaya masa ɗanta ba shi da fata. Ya ce a nemo mata firji, ta tambaye shi da wace wuta.

Daga bakin ƙofa Ya'u ya faɗi abin da kowa ke gudun ji. Ya ce mota a tsaye da kilim, yini bakwai cur, za ta shanye tanki da jarkokin nan uku, in ma sun kai. Nata'ala ya juya ya dubi mahaifiyarsa, wadda saboda ƙirjinta aka fara wannan duka, wadda kuma in aka zauna ita ce ba za ta iya gudu ba.

"Me kake kallona?" in ji 'Yargoggo. "Ni na riga na yi tafiyata. Ka amsa wa baiwar Allah."

Ya amsa. Malam ya ce wa mutanen gidan su sani wannan ba yanka ba ne, ba bauta ba ce, da haka ne da bai zauna ba, jinyar maƙwabci ce da aka ji wa ciwo. Ya sa muryar ta rantse da Allah a kan alkawarinta, ta rantse. Ta ce za ta saki harshen yarinyar yanzu ta koma wajen ɗanta, yarinya kuma za ta yi barci har ranar bakwai. Khairiyya ta yi atishawa sau uku, kanta ya langaɓe a cinyar uwarta. A yammacin nan ƙanƙara ba ta zubo ba.

Da sassafen Alhamis Alhasan, jagoran ayarin, ya ƙwanƙwasa kwanon zaure. Da ya ji ba za su tafi ba ya ɗauka Nata'ala ya zautu, amma mutumin kirki ne, ya ce akwai wurin mutum biyu a motarsa in za a matsa. Nata'ala ya roƙi mahaifiyarsa ta ƙi, ya roƙi Zulai, ita ma ta ƙi, ta koma ɗaki wajen 'yarta. Suka ji motocin suna tashi ɗaya bayan ɗaya daga bakin titi, suka ji ƙararsu tana nisa har ta haɗe da hayaniyar gari. Rana ta leƙo. Nata'ala ya yi bisimilla ya miƙa hannu ta taga ya murɗa makulli. Kwamfuresa ta kama, ƙas, sau ɗaya, ba ta saki ba. Gilasai suka fara yin raɓa daga ciki, kujerar fasinja kuma ta ɗan lotsa kamar an zauna.

Kwanakin da suka biyo baya dogaye ne. Ƙarar injin ita kanta haɗari ce, don haka suka jingina katifu a jikin motar da bayan kwanon zaure, in kuma aka ce sojoji sun shigo layi, sai Zulai da wata maƙwabciya su kama daka a turmin da babu kome a ciki har su wuce. Harbi ya matso. Abin da a da ake ji wajen kogi ya dawo ana jinsa a bayan kasuwa, gidajen layin kuma suna ta zama kango, yau wannan ya kulle, gobe wancan. Da tsakar rana 'Yargoggo takan zauna a inuwa tana kokawa da numfashi, ga mota mai sanyi taku goma daga inda take, ba ta taɓa ko duban wajen ba. Kowace yamma Zulai takan ɗaga zane ta duba bayan yarinyar. Bororon yana bushewa daga ƙugu yana hawa sama, kamar faɗin tafin hannu a yini. Kowace safiya kuma Nata'ala yakan juye mai a tanki da hannunsa, ya san sarai abin da yake juyewa, ya kuma juye.

Ranar bakwai, Laraba, jarka ta ƙarshe ta ƙare tun kafin azahar. Malam Abdulgani ya zo ya zauna, Ya'u ma ya zo ba a kira shi ba. Da la'asar injin ya fara tari. Ya'u ya ce injin gazuwal ne, wato dizal, ba ya zaɓen mai, a kawo kananzir. Aka juye na fitilu duka. Injin ya ja kaɗan ya sake tari. Ya'u ya ce akwai man gyaɗa? Zulai ta fito da galan ɗinta na girki, aka tace da kallabi aka ɗura, gidan duka ya ɗauki ƙamshin ƙosai, babu wanda ya yi dariya. Saura wuri kamar tafin hannu a wuyan Khairiyya bai bushe ba.

Ladanin layin ya gudu tun shekaranjiya, saboda haka kiran magariba ya koma wuyan wanda ke nan. Nata'ala ya dubi rana, tana nan ja a saman rufin maƙwabta, ya dubi mota tana shaƙewa, ya matsa kusa da Malam ya ce a hankali ko za a kira yanzu, ai saura ƙiris. Malam ya ce wadda aka sa ta rantse da Allah ba za a cuce ta da sunan Allah ba. Ya hau kan wani tsohon duro ya tsaya yana kallon yamma.

Injin ya yi tari biyu ya mutu, rana ba ta faɗi ba.

Babu abin da ya rage a gidan da za a zuba. Suka tsaya kewaye da motar, manya huɗu, suna kallon ƙasa. Ɗigo na farko ya faɗo daga ƙarƙashinta, bayan ɗan lokaci na biyu. Ƙanƙarar kwana bakwai ce ke narkewa, kuma babu wanda ya san kaurinta. Nata'ala ya tuɓe babbar rigarsa ya shimfiɗa a kan gilashin gaba don ya tare sauran rana, ya san ba wani abu zai yi ba, amma ya kasa tsayawa haka. Zulai ta koma ɗaki ta dawo, ta sake komawa. Ɗigon ya fara sauri, ya zama zare. 'Yargoggo tana motsa baki babu murya. Sai da Nata'ala ya fid da rai, ya zauna a ƙasa ya rufe fuska, sannan ya ji muryar tsohon a samansa tana kabbara.

Kafin kiran ya ƙare ƙofar fasinja ta buɗe da kanta, a hankali, kamar mai gudun tayar da mai barci. Sanyi ya fito ya shafi ƙafafunsu ya wuce ta wajen zaure. Wani ɗan sauti ya bi shi, irin shaƙuwar jaririn da ya ƙoshi. Daga ɗaki aka kira Mama.

Sun same ta zaune tana neman ruwa. Bayanta sumul, sai ɗan fari-fari a wuya. Ta sha kofi biyu, ta yi mamakin ganin Malam da Ya'u, ta ja mayafi ta gaishe su. Zulai ta rungume ta tana kuka, ita kuwa tana tambaya me ya faru, wa ya mutu. Ta miƙe da kanta ta fito tsakar gida, ta ga mota da katifu, ta ga mahaifinta babu riga. A wajenta har yanzu yammacin Litinin ne.

"Baba, kilim ɗin ya gyaru?"

"Ya gyaru," in ji Nata'ala.

"To Alhamis muna tafiya ke nan. Ni ko kayana ban haɗa ba."

Ta juya ta shige ɗaki da sauri. Zulai ta buɗe baki, Nata'ala ya girgiza mata kai. A bakin Titin Koudoukou wata babbar bindiga ta buɗe wuta, kusa ƙwarai, har kwanon zaure ya amsa. Nata'ala ya jingina da tayar motar, ya ji 'yarsa a ciki tana jawo akwati daga ƙarƙashin gado, tana tambayar kakarta ko a Kamaru ana sanyi, ta san irin zannuwan da za ta ɗauka.